Muryar da na sayar ta mahaifina ce

Shekaranjiya da la'asar na fito neman buta a gidan ƙanwata nan Gadarif ta ƙasar Sudan, inda yaƙin 2023 ya watso mu daga Omdurman, sai na tarar ɗanta ya jingina wayarsa da butar. Ya naɗa tsohon rawani a karkace, yana karya Larabci da gangan irin na tsofaffinmu, yana haɗiye harafin ainun, yana mai da mace namiji, abokansa na ta ƙyaƙyatawa. Da ya gan ni sai ya ce, "Kawu, ai kai na gada. TikTok zan sa." Jikina ya yi sanyi.

A Mai Wurno na tashi, kusa da Sinnar, garin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Muna yara, da mun ji "Huna Omdurman" sai mu kewaye rediyo. Nan na kamu. Na tafi Omdurman da burin in hau dandalin wasan kwaikwayo na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959 a bakin Nilu. Larabcina tas yake, allo na yi kafin boko. Shekara biyu ban samu ko layi ɗaya ba. Rannan wani darakta ya ji ina ciniki da mai goro da Hausa, ya ce, "Za ka iya yi mana Fallati?" Haka ake kiran irinmu 'yan asalin Afirka ta Yamma a Sudan.

Na iya kuwa. Na tsaya gaban makirufo, takarda a hannu, ina juya shafi a hankali kada ya yi ƙara, na ɗauko muryar mahaifina na lanƙwasa ta. Injiniya ya yi dariya har aka sake ɗauka.

Kada wanda ya yi saurin yanke mini hukunci. Haya na bina, ga aure, kuma da kuɗin nan na yi wa Baba rufin kwano. Da na ƙi, wani da ba Bahaushe ba ne zai yi, ya fi ni muni. Wannan gaskiya ce, har gobe ina faɗa. Amma akwai abubuwan da ba sa cikin takarda, ni na ƙara da bakina don na ga suna jawo dariya. Fiye da shekara ashirin, rediyo, talabijin cikin azumi, tallace-tallace, fim ɗaya: mai gadi, mai agashe, malamin tsibbu. Da na nemi a ba ni alƙali ko likita, aka ce da ka buɗe baki mutane za su fashe da dariya. Sun yi gaskiya, ni na koya musu.

Wata sallah na je gida, na raka Baba kasuwar Sinnar. Wasu yara suka biyo shi suna kwaikwayon maganata, ba su san ni ne a gefensa ba. Mutumin da ya haddace Alƙur'ani. Bai waiwaya ba. Sai da muka hau mota ya ce, "Muryar nan da kake sayarwa tawa ce, ba ka tambaye ni ba." Bai ƙara tayar da zancen ba har ya rasu.

Na yi niyyar jera muku shawarwari da yawa, 'ya'yana, amma ba su da yawa. Kada ka yi wasan da ba za ka iya yi a gaban ubanka ba. In yunwa ta matsa, to yi sau ɗaya, yunwa ba ƙanwar uwar kowa ba ce. A'a, kada ka yi, ni ma sau ɗaya na ce. Ka koyi muryoyi goma kafin a san ka da ɗaya, don wadda aka fara sanin ka da ita, ita za ka mutu da ita.

Abin da ke ƙona mini rai, mu ko banza biyan mu ake yi. Ku fa? Don baƙi su danna muku yatsa a waya kuke tozarta kakanninku, kuma Hausar ma ba ku iya ba, Larabcin ma rabi da rabi. Ba ku da haƙurin zama minti biyar ku saurari yadda tsoho ke jan numfashi kafin ya yi magana, alhali nan aikin yake.

Duk na gaya wa yaron, har labarin kasuwar Sinnar. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Kawu." Daren jiya uwarsa ta shaida mini ya riga ya sa bidiyon.