Inda zan zauna bayan ritaya

Shekara 35 ta aikin gwamnati ta kusa cika, ni da Hajiya kullum maganarmu ɗaya: ina za mu koma?

Birnin Kebbi mun saba da ita, amma zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya fi ƙarfin jikin dattijo. A ɗauke wuta da dare, ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, bango na ta huci har asuba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareta ya zama sai mai hali, kuɗin fansho kuwa ba zai ɗauki haya da fetur tare ba.

Babban ɗana ya ce, "Baba, ku koma Jos mana, can akwai sanyi." Haka ne, amma idan ciwo ya kwantar da ni, wa zai leƙo ni a can?

Zuru ta fi samun damina, sai dai rashin tsaro a yankin na sa ni tsoro. Raina ya fi kwantawa da Yawuri. Zafi na nan, sauro ma haka, amma ga kifin Kogin Neja, ga shinkafa da albasa a kusa, ga 'yan'uwa. Sharaɗin Hajiya ɗaya ne: gida kusa da asibiti, nesa da inda ambaliya ke kaiwa.