Wata biyar ina kiran mutane ina tambayarsu wa za su zaɓa

Ni dai aikin nan ban neme shi ba, wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare ne ya kira ni ƙarshen Satumban 2022, daidai lokacin da aka buɗe kamfen, ya ce wani kamfani na neman masu Hausa a baki da za su riƙa kiran mutane a waya ana jin ra'ayinsu kan zaɓen shugaban ƙasa. Na ce in dai surutu ne ai gida aka zo. Aka ba ni kwamfuta da abin sawa a kunne da jerin lambobi, aka ce bismillah.

Ranar farko oganmu, wata mata mai haƙuri sosai, ta yi mana bayanin yadda mutum dubu ɗaya kacal za su iya nuna ra'ayin ƙasa guda, kuskuren bai wuce kashi uku sama ko ƙasa ba. Ni ban yarda ba gaskiya, sai da na tuna yadda ake sayen hatsi a Dawanau, ba wanda ke zazzage buhu duka, ƙarfen nan ake soka wa buhun a sama, a tsakiya, a gindi, a duba abin da ya fito a tafin hannu. Amma fa in saman buhu kaɗai ka duba to mai kaya ya gama da kai, dan a nan yake zuba mai kyan. Mu kuma a wata biyar ɗin nan, da na zauna na yi tunani daga baya, saman buhu muka fi sokawa.

Kira goma, da ƙyar biyu su tsaya da kai har ƙarshe. Wasu lambar a kashe, wasu ba netwok, wasu kana cewa "sunana wane daga..." sai ka ji "wa ya ba ka lambata?" ƙit an kashe, sun ɗauka ɗan damfara ne mai neman lambar BVN, kuma ban ga laifinsu ba. Wasu kuma su saurare ka tsaf har ƙarshe sannan su ce to yanzu yaushe tallafin zai shigo. Mata kuwa nan ne wahalar take, ka kira ka ji muryar mace ka ce Hajiya ina wuni, ta ce lafiya lau, wayar mai gidan ce ya bar ta a caji, ka kira da daddare. Da daddare kuma shi zai ɗauka ya ce ai duk abin da na zaɓa shi za ta zaɓa, rubuta kawai. Matan da muke samu da wayarsu a hannunsu yawanci 'yan birni ne masu boko, sai a lissafi a ƙara wa amsarsu nauyi dan ta cike gurbin matan da ba a samu ba, wato malamar makaranta a Kaduna ta tsaya a madadin wata tsohuwa a ƙauyen Jigawa da ko waya ba ta riƙe. A takarda lissafin ya yi daidai, amma ni da na ji muryoyin na san ba mutum ɗaya ba ne.

Wanda ba zan manta ba wani dattijo ne daga wajen Kano. Mun gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya ce yana da katin zaɓe kuma in Allah ya kai mu zai fita. Na zo kan babbar tambayar, na ce Baba da yau ne zaɓe wa za ka dangwala wa? Ya yi shiru kaɗan ya ce "ɗana, Allah dai ya zaɓa mana mafi alheri." Na sake tambaya kamar yadda aka koya mana, ya ce amin kawai za ka ce. To fom ɗin ba shi da gidan addu'a, gidan "bai yanke shawara ba" ke akwai, nan na danna na tura. Muna cikin sallama yana dariya ya ce ai mu nan gidan ko akuyarmu jar hula take sawa. Na je na samu oga na ce wannan fa ya yanke tun tuni, ta ce abin da ya amsa a kan tambayar shi za ka rubuta, in kowa ya fara fassara da kansa aikin ya lalace. Kuma tana da gaskiya, shi ya fi ba ni haushi. Irin Baban nan na yi magana da su ba adadi, mutumin Arewa ba ya faɗa wa baƙon murya abin da ke ransa haka kawai, balle ana cikin zaman ɗar-ɗar, bai san ko kai ɗan wace jam'iyya ba ne ko ma jami'in tsaro.

Shi ya sa lokacin da sakamakon binciken da kamfanin jin ra'ayin jama'a na NOI Polls ya yi wa gidauniyar ANAP ya fito ana ta faɗa a Facebook da Twitter, Peter Obi kashi 21, Tinubu 13, ni idona ba a kansu yake ba, yana kan waɗanda suka ce ba su yanke ba da waɗanda suka ƙi amsawa, dan in ka haɗa su sun kai wajen rabin mutanen da aka tambaya. An rubuta wannan ɓaro-ɓaro a rahoton amma ba wanda ya yi sharin ɗinsa, kowa lambar gwaninsa ya ɗauka ya ruga. Wani binciken ma da kafar labarai ta Bloomberg ta wallafa ta manhajar babbar waya aka yi shi, Obi ya haura kashi 70 cikin waɗanda suka yanke, to wa ke da babbar waya da data da lokacin cike fom? Ba yau aka fara ba, a Amurka a 1936 mujallar Literary Digest ta tattara amsoshi sama da miliyan biyu, akasari daga jerin masu tarho da mota, ta ce Landon zai ci zaɓen shugaban ƙasa, Roosevelt ya zo ya lashe jihohi 46 cikin 48.

Sai kuma maganar fita. Kusan duk wanda na tambaya cewa yake in sha Allahu zan fita, wa zai ce maka ba zai yi zaɓe ba? Ana haka canjin kuɗi ya zo, ga layin mai ga layin banki, mutum na da kuɗi a akawun amma ba shi da na motar zuwa garinsu inda rumfarsa take. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista kusan kashi 27 ne kawai suka fito. Tinubu ya samu ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku 6.98, Obi 6.1, Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi. A nan dole in yaba wa kamfanin bincike na Stears, su tun kafin zaɓe suka ce in an fito da yawa Obi ne, in fitowa ta yi ƙasa Tinubu ne. Kuma masu cewa duk ƙarya ce su ma su yi adalci, binciken ya hango wani abu na gaske, Obi ya kayar da Tinubu a Legas ya kuma ci Abuja, abin da manyan 'yan siyasa suka riƙa yi wa dariya ana cewa mutum huɗu ne a ɗaki suke ta rubutu a intanet.

Da aka sanar da na Kano, Kwankwaso ƙuri'a 997,279, ina zaune a shagon mai shayi ana ta ihu, ni kuwa Baban nan mai akuya na tuna, wanda har yau a kwamfutar kamfanin yana nan a gidan waɗanda ba su yanke shawara ba.