Dare uku da linzamin kwamfuta ya ci mini

Har yau in na tuna sai haushin kaina ya kama ni. Shekara 21 ina riƙe da alli a wata firamare a Argungu, amma ɗan abin nan da bai cika tafin hannu ba shi ya kunyata ni.

Da aka ce makin yara a kwamfuta za mu riƙa shigarwa, sai na fara zuwa wani shagon kwamfuta kusa da kasuwa bayan la'asar. Riƙon linzamin bai ba ni wuya ba. Abin dariyar dai, in kibiya ba ta kai inda nake so ba, sai in yi ta tura shi har bakin tebur ina miƙa hannu. Ashe ɗaga shi ake yi a dawo da shi tsakiya.

Danna sau biyu ne ya kayar da ni. Hannun da ya saba murza alli a allo bai san sassauci ba. Ranar wata Laraba na zo buɗe foldar da na zuba makin aji biyu a ciki, wato jakar ajiyar aiki a kwamfuta. Na danna, yatsa bai saki ba, hannu ya ɗan goce. Ina ɗagowa, babu folda. Na leƙa kwandon sharar kwamfutar, wayam.

Yaron da ke kula da shagon ni na koya masa karatu a aji uku. Yaya zan buɗe baki in ce masa na ɓatar da aikin mako guda? Sai na yi gum. Dare uku ina sake bugawa da yatsa biyu, ina biyan kuɗin awa, ga ƙarin na janareto in an ɗauke wuta.

A rana ta huɗu ya tsaya bayana. "Malam, mi yaf faru? Ba wannan kuka gama ba wancan mako?" Na faɗa masa ina kallon ƙasa. Ya karɓi linzamin, ya buɗe foldar da ke maƙwabtaka da tawa, ga kayana a zaune ba abin da ya taɓa su. In ka danne maɓallin hagu ka motsa hannu, ka ɗauki abu ke nan, inda ka saki nan zai sauka. Da a take na haɗa Ctrl da Z, da ta koma mazauninta. Maɓalli biyu kacal, ni kuwa dare uku!

Maganin da ya ba ni shi ne karta. Wai in zauna in yi ta buga Solitaire, wasan da Microsoft ya saka a Windows tun 1990 don mutane su saba da ja da saki. Ni da furfurata, ina jan karta a gaban tsohon ɗalibina, ina addu'ar kada wani uban yara ya leƙo. Amma fa hannu ya faɗa.

Yanzu gindin tafina a kan tebur yake, yatsa kaɗai ke motsi. Danna sau biyun kuwa har gobe ban yarda da shi ba: sau ɗaya nake dannawa in buga Enter, folda ta buɗe lafiya lau.

Da muka gwada tsohon aikin da sabon, sai ga makin yara bakwai ya saɓa. Dole na koma gida na zazzage takardun jarrabawa a kan tabarma, ina bi ɗaya bayan ɗaya da tocilan.