Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙashin da Ya Goce

Makon jiya na tsaya a inda ƙafata ta dama ta sage ina cikin sauke tukunyar waakye, wato dafaffiyar shinkafa da wake, a unguwar Aboabo da ke Kumasi. Maƙwabta suka ce a kira mai ɗori, 'yata ta ƙi, ta ce: "Mma, a fara yin hoto tukuna." Washegari muka shiga mota zuwa asibitin Komfo Anokye.

A tsaye aka ɗauki hoton, sannan aka sake na duƙa, aka sake na banƙare. Likita ya ɗaga shi a haske ya ce: "Hajiya, ƙashin kwankwaso gaɓa 5 ne, ɗaya bisa ɗaya kamar jeren kwanuka. Ta 4 ɗinki ta zame gaba a kan ta 5." Ya ce irin wannan ya fi samun mata da suka haura 50, idan faifan da ke tsakanin gaɓoɓin ya sufe. Nawa mataki na 1 ne, wato gocewar ba ta wuce kashi 25 cikin 100 ba.

Sai na faɗa masa abin da ya daɗe yana ɗaure min kai: tsayuwar sallah ce ke gallaba ta, amma da na yi ruku'u sai zafin ya lafa. Ya ce ai duƙawa tana buɗe hanyar da jijiyoyi ke bi, tsayuwa kuma tana matse ta. Wallahi hawaye ne suka zubo min. Shekara 2 ina zargin kaina da kasala a ibada, ashe jijiya ce a matse.

Ya ce babu hannun da zai tura ƙashin ya koma mazauninsa. Aka ba ni maganin rage zafi, aka tura ni wurin masu gashin ƙashi su koya min atisayen ƙarfafa naman ciki da na baya, aka hana ni ɗaukar tukunya. Tiyata, inda ake haɗe gaɓoɓin biyu da kusoshi, sai idan duk wannan ya gaza. Gargaɗi ɗaya ya maimaita sau biyu: in fitsari ko bayan gida ya kuɓuce min, ko tsakanin cinyoyina ya mutu, in zo ko tsakar dare ne.

Magaribar ranar na yi ta a kan kujera. Mako mai zuwa zan ba ku labarin wadda na miƙa wa ludayina.