Abin da Sifili Yake Ɓoyewa a Gwajin Karatun Yara

A lokacin da na yi aikin gwajin karatu a makarantun firamare na jihar Bauci, kayan aikina ba su wuce kwamfutar hannu da 'yan takardu masu ɗauke da haruffa ba. Gwajin da muka yi amfani da shi shi ne EGRA, wanda cibiyar RTI International ta Amurka ta tsara a 2006, aka kuma daidaita shi da Hausa domin auna yaran ƙananan azuzuwa. Ana zaunar da yaro shi kaɗai, a ba shi minti ɗaya ya faɗi sautin haruffa, wani mintin ya karanta ƙagaggun kalmomi, sannan ya karanta gajeren labari ya amsa tambayoyi a kansa. Idan bai dace da ko ɗaya daga haruffa goma na farko ba, ƙa'ida ta ce a tsayar da sashen, a rubuta masa sifili.

Kuskurena na farko tausayi ne ya jawo shi. Yara da yawa sukan rero sunayen haruffa da Turanci, wato ei, bi, si, ni kuwa sai in ba su maki, ina ganin ai sun san wani abu. Asirina ya tonu ne ranar da ni da abokiyar aikina muka saurari yaro ɗaya, kowa ya yi nasa makin, sai nawa ya zarce nata nesa ba kusa ba. Ita ce da gaskiya, domin yaron da ya riƙe cewa c sunansa si ba zai iya haɗa kalmar ciki ba, balle kuma ɓ da ɗ da ƙ da babu su a waƙar tasa.

Ƙagaggun kalmomin ma sun jawo mini tuhuma. Wani hedimasta ya duba takardar, ya ga irin su lomu da tebu, ya ce, "Malam, wannan ai ba Hausa ba ce." Na bayyana masa cewa da gangan aka yi, domin a aji inda malami ke faɗa yara na amshi, yaro yakan haddace shafi guda ba tare da ya gane harafi ɗaya a ciki ba, kuma kalmar da bai taɓa ji ba ce kawai take raba mai haddar ka da mai karatu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wani yaro ne ɗan aji biyu da na ba sifili da safe, sai ga shi lokacin tara a gindin darbejiya yana zana sunansa a ƙasa da ajami. Da na tambaye shi, ashe ya wuce babbaƙu a makarantar allo, ya shiga farfaru, ya san yadda wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a suke sauya sautin baƙi. Wannan kuwa ita ce ainihin dabarar da ke cikin ba, be, bi, bo, bu, sai dai siffar haruffan da inda rubutu ke dosa suka bambanta. Takardarmu ba ta da gurbin rubuta wannan sani. A ranar kuma na ba wata yarinya sifili wadda Fillanci ake yi a gidansu, ko umarnina ba ta gama fahimta ba, kuma sashen da ake karanta wa yaro labari ya saurara ne ya nuna cewa matsalarta ta harshe ce tun kafin a kai ga harafi. A jadawalin sakamako, su biyun nan layi ɗaya suka faɗa da yaron da bai taɓa riƙe alli ko alƙalami ba.

Ban taɓa ƙa'idar gwajin ba, domin idan kowa ya yi yadda ya ga dama ba za a iya kwatanta makaranta da makaranta ba. Sai dai na buɗe wani ƙaramin littafi nawa, bayan an kammala nakan tambayi kowane yaro harshen gidansu da inda ya kai a allo. Da malamar ajin ta ce, "Malam, nawa ne suka faɗi?" ban ba ta jimilla ɗaya ba. Na raba mata sunayen masu sifili kashi uku, wato masu ajami, masu matsalar harshe da waɗanda ba su taɓa riƙe alli ko alƙalami ba, na kuma ba ta shawarar ta soma da 'yan farfaru, ta rubuta gaɓar "ba" da ajami a gefen dama na allo, ta rubuta ta boko a hagu.