Abin da tsofaffin kaset-kaset suka koya mini a sutudiyo

Yawancin masu kawo mini tsohon kaset suna zuwa ne da tunanin cewa aikin na kwamfuta ne: a zura waƙar, a danna wani abu, ta fito tas. Abin da suke kawowa kuwa ba na kasuwa ba ne. Waƙar amada ce da mata suka yi da ƙwarya a tsakar gida ranar suna, ko begen Annabi da wani dattijo ya rera bayan sallar isha'i, ko wani saurayi na shekarun 1980 da ya ajiye rikoda a gabansa yana gwada gurmi. Irin waɗannan ba su da kwafi na biyu a duniya, shi ya sa rabin aikin yake ƙarewa tun kafin in buɗe wata manhaja.

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, kuma ba a yi shi don ya kwana shekara arba'in a akwati yana shan zafin bazara da raɓar damina ba. Faɗin zaren bai kai milimita 4 ba. Da kaset ya shigo hannuna, abu na farko shi ne in ɓalle 'yan kunnuwan nan na samansa, don kada hannun wani ya kai kan jan maɓallin ɗauka a goge komai. Sai in duba ɗan soson da ke danna zare a kan hed, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sautin, domin gam ɗinsa kan bushe ya faɗi, kuma in babu shi sauti zai riƙa zuwa yana tafiya. In na ga fumfuna, ba ya shiga na'ura sai an share. In zaren ya tsinke, ba na barin kowa ya liƙa shi da salatif na kanti, gam ɗinsa yana tsatsafowa ya manne zaren da ke kusa. In gidan ne ya lalace, sai in kwance wani kaset mai noti in mayar da zaren ciki, in juya da biro a hankali. Mai C120, wato mai minti 120, ya fi kowanne ban tsoro saboda sirantar zarensa.

Akwai wani ɗan noti a gefen hed wanda da yawa ba su san amfaninsa ba. Rikodar da aka yi ɗaukar da ita tana da karkatarta, tawa na'urar ma tana da tata, kuma in ba su dace ba muryar za ta fito a dushe. Sai in sa abin ji a kunne, in riƙa juya notin da ƙaramin sukundireba har in ji "s" da "sh" na mai waƙar sun fito da kaifi. Abin da wannan juyin na minti biyu yake dawowa da shi, babu manhajar da za ta iya ƙirƙiro shi daga baya, tunda bai shiga kwamfutar ba tun farko. Maɓallin Dolby na rage hayaniya kuma kashe shi nake yi, domin ƙananan rikodojin gida ba su da shi, kunna shi ƙara dusashe waƙar kawai yake yi.

Gudun zare shi ne abin da ya fi ɗaukar mini hankali. Ƙa'ida ita ce santimita 4.76 a daƙiƙa, amma rikodar da ke aiki da batir ba ta san ƙa'ida ba. In batir ya fara sanyi ana cikin ɗauka, zaren yana rage gudu, don haka in aka kunna shi yau a lafiyayyiyar na'ura sai waƙar ta riƙa ƙara sauri, murya tana sirancewa har tsohuwa ta koma yarinya. Bambancin kashi 6 cikin 100 ya isa ya ɗaga murya da rabin mataki a kan fiyano. In da wutar lantarki aka yi ɗaukar, akwai dabara: wutarmu tana barin gunji a wajen 50 Hz, to in na ga gunjin ya koma 52, na san zaren yana gudu fiye da kima da kusan kashi 4. Janareta kan ɓata wannan lissafi. In kuma batir ne, ba ni da ma'auni sai kunnen dangi. Nakan sauke gudun kaɗan-kaɗan in ce, "Hajiya, in kin ji muryar Inna ta dawo ki tsayar da ni." Ba su cika yin kuskure ba.

Kwafin farko WAV nake yi, 24-bit, wato fayil ɗin da ba a matse sautinsa ba, kuma ba na taɓa shi. Duk gyara a kan kwafin kwafi ne.

Cire hayaniya shi ne inda kowa yake ɗokin zuwa, shi ne kuma inda ake yin ɓarna mafi yawa. Ko a Audacity na kyauta, ko a iZotope RX mai tsada, hanyar ɗaya ce: ka nuna wa manhajar wani wuri da babu waƙa sai "shuuu", ta koya, ta rage shi a ko'ina. Matsalar ita ce ƙananan rikodoji suna daidaita ƙarar ɗauka da kansu. In an yi shiru su ɗaga, in an buga ƙwarya su sauke, don haka hayaniyar da ke wurin shiru ta fi wadda ke ƙarƙashin murya ƙarfi. Wanda ya rage da ma'aunin wurin shiru zai ci naman muryar, a ji mai waƙa kamar tana magana daga cikin randa. Ni na fi son in rage kaɗan in bar sauran. Kunne yana mantawa da "shuuu" bayan 'yan daƙiƙoƙi, amma ba ya sabawa da muryar da aka ƙwaƙule.

Sannan wa ya ce duk abin da ba waƙa ba hayaniya ne? A kaset ɗin gida za ka ji lugude daga maƙwabta, zakara, yaro yana kuka ana lallashinsa, wata tana cewa a matso da rikodar. Nakan yi kwafi biyu in kunna wa masu abu, ɗaya an share, ɗaya an bar gidan yadda yake. Samari sukan zaɓi na farko. Waɗanda suka zauna a gidan kusan kullum na biyu suke ɗauka, har su riƙa kiran sunan mai tarin da aka ji a baya.

Manhajojin raba sauti sun canja aikin nan ƙwarai. Tun da kamfanin Deezer ya saki Spleeter a 2019, sannan Demucs ya biyo da inganci, ana iya zare murya daga cikin kiɗan da aka ɗauka tare. Da irin wannan fasaha ce aka ciro muryar John Lennon, mawaƙin ƙungiyar Beatles, daga kaset ɗin da ya ɗauka a gidansa a ƙarshen shekarun 1970, aka fitar da waƙar a 2023. To amma waɗannan manhajoji sun koyi aiki ne galibi da kiɗan Turai da Amurka, inda suka san gida huɗu: murya, ganguna, bes, da sauran kaya. Ka ba su kalangu ka ga rikici. Kalangu ganga ce, amma tana hawa tana sauka kamar mai magana, sai manhajar ta raba shi, bugun ya tafi gidan ganguna, zaƙin ya tafi gidan bes, wani lokaci ma ya maƙale a jikin murya. Guɗa kuwa takan fito a yayyage. 'Yan amshi da mai bayarwa gida ɗaya ake cusa su. Don haka ba na yarda da abin da ta ba ni sai na saurari kowane gida shi kaɗai, in kwaso abin da ya ɓata hanya in mayar da hannu.

A wajen ɗora sabon kiɗa ne nake yawan saɓawa da yaran sutudiyo. Sun taso da FL Studio da fiyanon Yamaha, inda komai yake zaune a kan layi daidai wa daida, sai su ja tsohuwar murya su tilasta mata hawa layin. Mai waƙar amada ba agogo take bi ba. Tana jinkirtawa in za ta kira sunan mai jego, tana ƙara wuta in an fara liƙi, masu ƙwarya kuma ita suke bi. Abin da ya fi shi ne a sa layin manhajar ya bi ta, a yi masa alama baiti-baiti, ko da zai ci yini. Haka batun Auto-Tune mai daidaita murya, wanda ya fito a 1997 ya kuma zama gishirin waƙoƙin fim ɗinmu. A sabuwar waƙar da aka rera kan fiyano yana zama lafiya. A tsohuwar muryar da ta bi gurmi ko kukuma, waɗanda ba a ɗaure su da ma'aunin fiyano ba, jan ta yake yi zuwa inda ba ta nufa ba. Kuma Hausa harshe ne mai karin sauti, gangarowar da murya take yi a kan gaɓa ɗaya tana cikin maganar, in aka mayar da ita matakala-matakala sai lafazin ya zama baƙo. Gara in sauya saitin fiyanon ya sauko wajenta.

Gyara da sake kiɗa ayyuka biyu ne, kuma ba na yarda a gauraya su a fayil ɗaya. Mai kaset yana tafiya da abu uku a filasha: kwafin asali, wanda aka gyara, da wanda aka yi wa sabon kiɗa in ya nema, kowanne da sunansa. Ina kuma gaya masa kada ya dogara da wanda ya tura a WhatsApp, kuma kada ya jefar da kaset ɗin, domin manhajar shekara biyar masu zuwa za ta iya abin da ta yau ta kasa.

Na uku ɗin ne nake tsayawa in yi tambaya kafin in fara. Wani matashi ya taɓa kawo waƙar kakarsa da ta rera a cikin gida, tsakanin mata, ya ce, "Yaya, a ɗora mata kiɗa mai zafi, TikTok zan sa." Na tambaye shi ko mahaifiyarsa ta sani. Kakar tasa ta yi waƙar ne a zamanin da kaset bai wuce hannun 'yan uwa ba, kuma akwai habaici a ciki da sunayen mutanen da 'ya'yansu suna raye. Na gyara masa muryar, na ba shi ya kai gida a saurara tare, na ce in sun amince ya dawo. Da ya dawo, sun yarda ne da amshin kawai, baitocin da ke da sunaye suka ce a bar su a filasha.