Teburin aikin da na haɗa wa kaina

Kafinta zai yi wa mutane gado da kabad da kujerun falo, amma in ka leƙa shagonsa sai ka tarar da shi yana aiki a kan tsohon ƙyaure da aka ɗora bisa ragowar katako. A haka na taso na gani, a haka kuma na yi aiki, har ranar da odar ƙofofi ta taru mini na ga rabin ƙarfina yana tafiya ne wajen riƙe tebur kada ya gudu. Sai na ware kuɗi na ce zan yi wa kaina na gaske.

Na sayo katakon a 'yan katako na Na'ibawa. Ƙafafu na yi su da iroko mai inci 4 ta kowane gefe, saboda nauyinsa da kuma yadda gara ba ta cika son sa ba. Saman kuwa tubafo ne (katako mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4) na malaina, ya fi araha, kuma taushinsa alheri ne: in ƙofar mutane ta bugi tebur, gara teburin ya ji ciwo da a ce ƙofar ce ta lotsa.

Ban taɓa katakon nan da zarto ba sai da ya sha iska. Itacen da ya fito daga kurmin kudu yana zuwa da laimarsa, ya iso Kano ya haɗu da hunturu, dole ya motse. Na jera shi a inuwa, na sa 'yan siraran sanduna tsakanin kowane layi, na bar shi har sanyi ya wuce. Yaron shagona ya gaji da tsallake shi kullum, ya ce, "Maigida, wai wannan katakon na sayarwa ne?" Na ce masa, "Bari dai, wanda zai murɗe ya murɗe yanzu, mu san shi." Wasu kuwa sun murɗe, suka koma kantar ƙasan teburin.

Abin da ya fi ɗaukar mini tunani shi ne haɗin. Katako ba ya raguwa a tsawonsa sai abin da ba a rasa ba, a faɗinsa yake kumbura da damina, ya tsuke da rani. Teburin da aka yi wa ruwan ƙusa zai yi kyau a watan Agusta, zuwa Janairu ya fara rawa, kuma ƙusar da ta saki ba ta da magani sai a ƙara wata. Don haka na fafe rami a jikin kowace ƙafa, na sassaƙe bakin sandar da za ta shiga ciki daidai, sannan na ratsa haɗin da dogon ƙarfe mai noti. Gajerun ɓangarori biyu na sa musu gam, dogayen sanduna kuwa noti kaɗai ke riƙe da su. In iska ta bushe na ji ɗan motsi, sifana zan ɗauko in ɗaure. Ga wata riba kuma: mai haya ba ya da tabbas, ranar da aka ce mu tashi, teburin zai fita ta ƙofa gunduwa-gunduwa. Saman ma ban ɗaure shi kam ba, ramukan sukurorin na ɗan tsawaita su ta faɗi don ya sami wurin motsi, in ba haka ba tsagewa zai yi.

Saman na haɗa shi ne da tubafo a tsaye, gefe da gefe, na shafa musu gam ɗin Top Bond na matse, kaurin ya haura inci 3 bayan na kankare shi ya miƙe. Tsawo ƙafa 6, faɗi inci 24. Wani abokin sana'a ya ce me zai hana in yi shi da faɗin filawud guda, ƙafa 4, ya fi ɗaukar kaya. Ai shi ne abin da nake gudu. Wurin da hannu ba ya kaiwa, tarkace ne ke tarewa a can, gwangwanin fenti da kwanon abincin jiya.

Tsayi kuwa ba a aron na wani. Na miƙe, na saki hannu, aka auna daga ƙasa zuwa wuyan hannuna, ya ba da inci 34. A nan mutum yake iya danna katako da nauyin jikinsa ba tare da bayansa ya yi kuka ba. Yaron ya fi ni gajarta, shi sai na yi masa ɗan matakin katako.

A gaba ta hagu na ɗaura mamatsin ƙarfe na hannu, na lulluɓe bakinsa da katako kada ya bar shaida a jikin aiki. Na kuma huda layin ramuka a saman, inda nake cusa turaku su tokare katako. Aljihun tebur ban yi ko ɗaya ba, ƙurar zarto ce kawai ke cika su. Guduma da zarto suna rataye a bango, manyan kaya suna kantar ƙasa suna ƙara wa teburin nauyi. Gindin ƙafafun na jiƙa su da baƙin mai, na ɗora su kan guntayen tayar mota, saboda ruwan da ke shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa in an yi mamako. Saman ban shafa masa banish ba, don sulɓi yake sawa katako ya riƙa zamewa.